Zinaren Gwamnati da Hannun Baba

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan Magariba

Sun tafi da Baban Hidaya yau. Ina rubutu ne don hannuna ya sami abin yi.

Mutum biyu ne, a farar mota. Sun yi sallama irin ta baƙin kirki, na aika Hidaya da ruwa, suka sha. Daga bayan labule na ji ɗaya yana cewa, "Malam Naziru, ana nemanka a wurin aiki, yanzu." Ya ce musu hutunsa bai ƙare ba. Mutumin ya ce ya sani. Suka karɓi wayarsa, suka sa a leda, suka liƙe bakin a gabansa.

Ya shigo ɗaki ya sake riga. Bai zauna ba. Ya ce, "Bushira, ban taɓa komai ba. Duk abin da kika ji, ki tuna na faɗa miki haka." Ya ɗaga ɗanmu Imrana sama ya sauke shi, ya fita.

Na gode Allah ba su sa masa ankwa a gaban yara ba. Na gode Allah ya riga ya ci abincin rana.

Talata, 8 ga Oktoba, da azahar

Na je makaranta. Na koyar da 'yan aji huɗu, ban san me na faɗa musu ba. Wayarsa a kashe.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan La'asar

A nan Jega idan aka tambaye ni aikin maigidana, cewa nake ma'aikacin ofis ne a Abuja. Ba ƙarya ba ce, amma ba duka ba ke nan. Shekararsa shida a ma'ajiyar da gwamnatin ƙasa take ajiye zinarenta, yana cikin waɗanda suke buɗe ƙofa.

Kaɗan yake gaya mini, shi ma sai na matsa. Ya ce ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, kaurin ƙofar ya kusa tsawon hannun mutum. Mutum ɗaya ba ya buɗe ta. Wani ne da mabuɗi, wani da lambar da ya haddace, wani kuma sai ya ɗora ɗan yatsansa, kuma babu wanda ya san rabon ɗan uwansa. Ko sun taru su ukun, in lokacin da aka ɗaura mata bai yi ba, ba za ta motsa ba. Waya da agogo da zobe a waje ake barinsu. Rigar aikin babu aljihu. A ciki akwai kejina na ƙarfe, kowane da hatiminsa, kowane curin zinare da lambarsa da nauyinsa a jikinsa. Na taɓa tambayarsa nauyin curi ɗaya, ya nuna Imrana ya ce kamar wannan, amma girmansa bai kai rabin bulo ba. Na yi dariya, na ce to wane ne zai iya sa Imrana a hula ya fita da shi?

Ya ce wani daga ciki ma a ƙasarmu aka tono shi, can wajen Yawuri, aka tace aka kai. Ya ce shi ne abin da ƙasa take jingina da shi ranar da abubuwa suka ƙi. Yana faɗar wannan da wata murya da ba ya yin ta a sauran zancensa.

Tun ranar Litinin nake ta maimaita wa kaina: mutum ɗaya ba ya buɗe ta.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi

Raihanatu ta kira ni. Matar Sanusi ce, abokin aikinsa, mun taɓa haɗuwa sau ɗaya a wani suna a Abuja. Shi ma an ɗauke shi. Ta ce abin da ta iya ji shi ne, masu bincike sun zo ba sanarwa kamar yadda suka saba, suka tarar da hatimin keji ɗaya a yanke. Duk mai hannu a ƙofar an tara su a wani gida. Ba mai fita, ba mai waya, sai an auna kowane curi an gwada shi ɗaya bayan ɗaya.

"Sun ce ba kurkuku ba ne," in ji ta.

Na ce, "Ana ba su abinci?"

Ta ce ana ba su. Ta ce za ta riƙa kirana. Allah Ya saka mata, ba don ita ba da har yanzu ina cikin duhu.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Dije maƙwabciyata ta dawo daga kasuwa, ko mayafi ba ta cire ba ta shigo wurina. Ta ce a rumfar masu manja ana cewa Naziru ya kwaso zinaren gwamnati. A layin masu hatsi an ce curi biyu ne. Kafin ta kai bakin tasha an riga an binne su a ƙarƙashin gadona.

Na yi dariya har da hawaye. Dije ba ta yi ba. Ta ce, "Ke malama, ba abin dariya na ba. Kin san waɗanda ka sauraren irin wagga magana."

Na sani. Na daina dariyar.

Abin da na kasa ganewa, wa ya gaya wa kasuwar Jega inda yake aiki.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Baba ya zo daga Aliero a kan babur, ƙafarsa da laka, daga wurin irin albasa ya taso. Mahaifin maigidana ne, kuma tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa zama ya daɗe ba, kullum gona na jiransa. Yau ya zauna a zaure har inuwa ta juya. Na kai masa fura, bai taɓa ba.

Ya tambaye ni abin da na sani, na gaya masa. Ya ce, "Ba a rasa komi ba tukuna ke nan?" Na ce ba a ce an rasa ba.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Bara, da munka sai da albasa, an yi hira a majalisa. Kowa na hwaɗin ɗansa. Wani soja, wani likita." Ya tsaya nan. Na gane ta inda maganar ta kai kasuwa. Na ɗauki kwanon furar na ce bari in ƙara masa nono.

Ban riƙe shi a zuciya ba. Uba ne, ɗansa ya ba shi abin alfahari. Ni ma sau nawa maganar ta zo mini baki a ɗakin malamai na haɗiye.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

Raihanatu ta ce sun fara awo. Babu wani labari.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan La'asar

Mai shagon bakin layi ya aiko matarsa ta gaya mini, jiya wasu mutum biyu a kan babur sun sayi sigari suka tambaye shi wane ne gidan mai zinare. Ya ce musu shi baƙo ne a unguwar. Shekararsa ashirin a nan. Allah Ya rufa masa asiri.

A makaranta wata uwa ta zo ɗaukar 'yarta, na gaishe ta, ta amsa tana kallon takalmina. Hedimasta ya kira ni ya ce in ɗauki hutu, shi zai riƙe ajin da kansa. Na zaci korata yake yi cikin ladabi, sai ya ce, "Malama, ajinki na nan yana jiranki. Yaranki nake ji." Na fito na tsaya bayan ofis na ɗan jima kafin in iya tafiya.

Laraba, 16 ga Oktoba, da azahar

Kawu Hamma, ƙanin mahaifiyata, ya zo daga Liba ta ƙasar Maiyama da motar wani abokinsa. Ban kira shi ba, Dije ce ta nemo lambarsa. Ya ce in haɗa kayan yara, ba tambayata yake ba.

Na ce to a rufe gidan. Baba, da ya sake dawowa tun safe, ya ce a'a. Ya ce gidan da aka garƙame aka gudu, kowa zai ce da abin da ake ɓoyewa. Shi zai zauna, ƙofa a buɗe, tabarmarsa a zaure, duk mai son gani ya shigo ya gani. Kawu ya yi masa magana, na durƙusa na roƙe shi. Ya ce, "Ɗiyata, tahi da jikokina. Bakina yaj jawo, ni ka zama."

Albasarsa tana jiran dashe. Ya ce ƙannen Naziru za su ji da ita.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da hantsi, Liba

Ana girbin gero. Inna Gudiya, matar Kawu, ta ba mu ɗakinta ta koma na 'yarta. Ba ta tambaye ni komai ba. Da safe sai in tarar da ƙwaryar nono a bakin ƙofa. Imrana yana bin 'yan maruƙa, ya koyi wata kalmar Fulatanci yana ta kiran kowa da ita.

Sai na hau tudun bayan gari nake samun sabis. Nakan tsaya can da waya a hannu kamar mai jiran mota. Baba ya ce lafiya lau, mutane suna ta zuwa gaishe shi, wasu suna leƙa ɗaki.

Hidaya ta tambaye ni ko babanta ɓarawo ne. Wata yarinya ce ta gaya mata tun a Jega, ta riƙe abin a cikinta duk kwanakin nan. Na ce mata wurin da babanta yake aiki sai mutum uku sun haɗu ake buɗe ƙofa, kuma ana kallonsu ta kyamara tun daga shiga har fita. Ta ce, "To in su ukun suka haɗa baki fa?" Shekararta bakwai. Na ce ta je ta taya Inna tsince wake.

Asabar, 19 ga Oktoba, da yamma

Na taya su sussuka har tafin hannuna ya yi kanta. Na yi barcin rana, karo na farko.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan Azahar

Raihanatu ta ce an yi rabi, duk wanda aka auna ya cika. Muryarta ta canza. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce an raba Sanusi da sauran, ba ta san dalili ba. Na ce wataƙila tambayoyi ne kawai. Ta ce wataƙila.

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

Baba yana Aliero wurin masu ɗori. Yana da rai. Alhamdu lillahi yana da rai.

Laraba, da La'asar

Ba zan rubuta abin da Dije ta faɗa mini a waya ba.

Zan rubuta cewa mijinta Yaro ne ya fara fitowa, da taɓarya kawai a hannunsa. Zan rubuta cewa mai shago ya hau rufin shagonsa yana buga tukunya har unguwa ta tashi, kuma su huɗu suka ɗauki Baba a kan ƙyauren ɗakina, tun da an riga an cire shi. Zan rubuta cewa ɓarayin ba su sami abin da suka zo nema ba, don babu shi.

Da muna gidan. Da Hidaya tana gidan.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan Magariba

Kawu ya kai ni Aliero. Baba yana kwance a rumfar mai ɗori, hannun dama ɗaure da karare tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Wuri biyu ya karye. Fuskarsa ban iya dubanta sosai ba. Mai ɗorin ya ce ƙashin tsoho yana da nawa, amma zai kama in Allah Ya so, sai dai kada a sa ran zai riƙe fartanya kamar da.

Na durƙusa a gabansa. Shi ne ya fara. "Ina jikokina? Sun ci sun ƙoshi?" Na ce sun ƙoshi. Ya ce, "To mi kike ma kuka? Yanzu Jega duk ta san babu komi ƙarƙashin gadonki. Sun tona har sun kai ga jar ƙasa." Ya so ya yi dariya, haƙarƙarinsa ya hana shi.

Ya hana a gaya wa Naziru ko da an sami hanyarsa.

A hanyar dawowa mun wuce fadama, ana ta dashen albasa, layi layi, ruwa yana bin kwami. Na ga ƙannen maigidana sunkuye a gonar Baba tare da wasu mutane da ban sani ba. Kawu ya ce 'yan majalisarsa ne, gayya suka yi masa.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da hantsi

Raihanatu ba ta kira ba. Na kira, ba ta ɗauka ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Shiru.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan La'asar

Ina kan tudu, baƙuwar lamba ta shigo. Na ɗauka, aka ce, "Bushira." Na zauna a ƙasa a inda nake, cikin ƙaya, ban ji ba sai daga baya.

Ya ce an gama, an sallame su, jibi yana hanya. Ya tambayi yara. Ya tambayi Baba, na ce yana Aliero. Ban yi ƙarya ba.

Na sauko na tarar da Inna Gudiya tana dama fura. Ta dubi fuskata, ta ajiye ludayi, ta rangaɗa guɗa ɗaya gajeriya, sannan ta ci gaba da damunta.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma, Jega

Mun riga shi isowa gida. Na shigo da fargaba, sai na tarar an cike ramukan, an shafe ɗakin da sabon siminti, an mayar da ƙyaure. Katifar ba tawa ba ce. Dije ta ce kada in tambayi ta wace ce, in kwanta kawai. Na tambayi wanda ya sayi simintin, ta ce unguwa.

Ya iso bayan Azahar. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hidaya ta tsaya daga nesa tana kallonsa, sai da ya kira ta sau biyu. Ya shiga ɗaki ya ga simintin bai gama bushewa ba, ya juyo ya dube ni. Na ce ya ci abinci tukuna. Ya ce a'a.

Na gaya masa. Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hula.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan Azahar

Ya yi rantsuwa a can cewa ba zai yi bayani ba, ni ma ban matsa ba. Abin da ya ce kawai, an auna duka, an gwada duka, babu ko ƙwaya da ta ɓata. Ya ce ƙofar tana riƙe sunan duk wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa, kyamara ma haka, kuma su ne suka yi masa shaida a lokacin da maganar bakinsa ba ta da amfani. Ya ce shekara shida yana jin haushin yawan binciken da ake musu a bakin ƙofa, a laluba mutum kamar ɓarawo safe da yamma, yau ga shi abin ne ya fid da shi.

Na ce, "Sanusi fa?"

Ya daɗe yana juya kofin shayi. Ya ce, "Bai fito tare da mu ba."

Na shiga ɗaki na yi sujada ta godiya. Da na ɗago sai Raihanatu ta faɗo mini a rai, da 'ya'yanta uku a gidan haya, na ji kunyar daɗin da nake ji. Amma ban iya daina jin shi ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da La'asar

Mun je Aliero tare. An mayar da Baba gida, yana zaune a gindin darbejiya, hannun rataye a wuya da tsumma. Baban Hidaya ya durƙusa a gabansa, ya kasa ɗaga kai. Ni ina gefe wajen mata, amma ina jin su.

Ya ce, "Baba, an ce in koma aiki mako mai zuwa, an mayar mini da rabona na ƙofa. Ba zan koma ba. Zan ajiye, in dawo in riƙe maka gona."

Baba ya ce, "Sun ce ka ci amana?"

"A'a."

"Sun sake ba ka mabuɗi da hannunsu?"

"Sun ba ni."

"To in ka zauna, mi mutane za su ce? Za su ce korar ka anka yi." Ya gyara zama da ƙyar. "Hannun ga nau na, ba naka na ba. Ni na san abin da na saya da shi. Gona tana da masu yi. Koma ka tsare abin da anka ba ka tsaro."

Baban Hidaya ya ce, "In sun sake dawowa fa?"

Baba ya ce yara da ni za mu dawo Aliero mu zauna cikin gida har hankali ya kwanta, makaranta ba nisa, ƙaninsa zai riƙa kai ni a babur. Ya riga ya gama shirya wannan tun yana kwance a rumfar mai ɗori. Sannan ya ɗaga murya yadda na san da ni yake, ya ce shi kuma daga yau in an tambaye shi aikin ɗansa, zai ce bai sani ba, yaran zamani ba su gaya wa tsoho komi.

Mata suka yi dariya. Ni ma na yi, ta gaske.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da azahar

Na koma aji. Sun tashi tsaye sun gaishe ni da ƙarfi har malamin aji biyar ya leƙo.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da hantsi, Aliero

Ya tafi da safen nan. Mun raka shi bakin titi, Baba ya dage sai ya zo, yana tafe a hankali, Imrana riƙe da gefen rigarsa.

Da mota ta tsaya, sai ga ƙanin maigidana da buhun gero da rabin buhun albasa, daga cikin 'yar wadda ta rage wa Baba a rudu, rumbun ajiyarsa. Baban Hidaya ya ce shi kaɗai ne a can, ina zai kai wannan duka. Baba ya ce ba nashi ba ne.

"Ka kai ma matar abokin aikin nan naka. Ko mi mijinta ya yi, ko bai yi ba, ita da ɗiyanta ba su shiga ɗakin ba. Kuma ka shiga da shi da rana, maƙwabta na gani."

Aka ɗaure buhunan a bayan mota. Na tura wa Raihanatu saƙo na ce baƙo yana zuwa da kaya, kada ta ce komai, ta karɓa kawai. Har muka dawo gida ba amsa. Ina cikin wanke wa Baba tsumman hannunsa wayar ta yi ƙara, na share hannu na ɗauka. Raihanatu ce, kuka take yi a hankali. Na jawo kujera na zauna, na ce mata ina nan, ba inda za ni.